Aji ɗaya, yara casa'in: yadda zaki raba musu mako

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sanya alheri, ya sa kin shiga a sa'a. Na ga tambayarki, kince an tura ki firamaren gwamnati an damƙa miki aji ɗaya, yara a rajista sun haura casa'in, babu littafi sai allo da guntun alli, kuma kin rasa yadda zaki raba musu aiki daga Litinin zuwa Juma'a, kullum sai dai ki rubuta A B C D suyi ta amsawa har muryarki ta dishe. Toh ƙanwata ki kwantar da hankalinki, kusan duk wadda ta riƙe ƙaramin aji haka ta fara. Amsar dai zata yi tsawo sai kinyi haƙuri.

Abu na farko, ki daina yarda da amshi. Yaranmu gwanaye ne wajen hadda, da yawansu tun suna shekara uku ko huɗu suke makarantar allo ko Islamiyya, kunnensu ya saba malam ya faɗa su amsa, don haka in kika rubuta baƙaƙe a allo kika bi su da sanda sau biyar, na shida ko kin juya baya zasu rero miki su tiryan-tiryan har Z, ke kuma kiji daɗi kice aji ya iya. Gobe ki gwada wannan, ki kira yaro ɗaya daga layin baya ki nuna masa harafi a tsakiya ba a jere ba, kice wannan fa? Zakiga ya ɗaga kai sama ya faro daga A a hankali yana motsa leɓe har ya iso wurin, wani ma sunkuyar da kai kawai zai yi yana wasa da maɓallin riga. 'Yan tsiraru ne a gaba suke jan amshin, sauran baki kawai suke motsawa. Duk abin da zan faɗa miki a kan tambaya ɗaya ya tsaya: ranar Alhamis me kowane yaro zai iya karantawa shi kaɗai ba tare da na kusa da shi ya raɗa masa ba.

Sannan ki lissafa lokacin da kike da shi na gaskiya, wanda yake daban da jadawalin da ke manne a ofishin hedimasta. A takarda ana shiga aji ƙarfe takwas, amma kafin a gama shara da asambuli, 'yan makara su gama shigowa ɗai-ɗai, ki kira sunan mutum casa'in, rabin awa ta tafi. Ga tara, wadda in aka fita ba a dawowa a kan lokaci. Juma'a rabin yini ce saboda masallaci. In garinku na da ranar kasuwa kuma ta faɗo cikin mako, ranar ma ki sa a ranki aji zai rage sosai, musamman mata masu ɗaukar talla. Kenan safiya huɗu kike da su masu kyau, kuma a kowace safiya wannan awa ɗaya da rabi ɗin kafin a fita tara shine lokacin da kan yaro yake ɗauka. Kar ki ba kowa shi, na karatu ne da lissafi, kullum, ko jadawali ya ce wani abu daban ki roƙi hedimasta ya bari ki juya shi, yawancinsu basa hanawa in kin yi musu bayani cikin ladabi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35 a firamare, ke kina da kusan ninki uku, don haka ba laifi bane in kin rage buri kin riƙe kaɗan da kyau. Kiran suna ma ki rage masa tsawo, ki raba yaran layi-layi kowane layi da monita, shi zai faɗa miki wanda bai zo ba ki cike rajista daga baya.

Da wane harshe? Da Hausa zaki fara koya musu karatu. Nasan wasu zasu ce ai boko aka kawo su, zan zo kan wannan. A manufar ilimi ta 1977 an rubuta cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, amma ni dalilina ya wuce takarda. Hausa yadda ake faɗarta kusan haka ake rubuta ta, wasula biyar ne a e i o u, gaɓoɓinta yawanci baƙi ne da wasali, ba be bi bo bu, yaro in ya gane dabarar haɗa baƙi da wasali shikenan ƙofa ta buɗe, kuma abin da ya karanta ya san ma'anarsa nan take. Turanci kuwa yaro yana fama da abu biyu lokaci guda, bai san kalmar ba kuma rubutunta baya bin ƙa'ida ɗaya. Shirye-shiryen da aka yi a arewa irin su RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, duk a kan haka suka ginu, Hausa a ƙananan azuzuwa. Af, tunda na ambace su, ki tambayi hedimasta ko akwai ragowar littattafan irin waɗannan shirye-shirye a sito, makarantu da yawa suna da kwalaye a kulle gara na ci saboda ana tsoron yara su yaga a zo bincike. Ko goma kika samu sun isa layi-layi su riƙa karɓa-karɓa.

Yanzu Litinin. Harafi ɗaya tak, sabo. Kuma sautinsa zaki koyar, ki bar sunansa na Turanci tukunna, don yaron da aka koya wa cewa M sunansa "em" in kika haɗa masa da a zai ce miki "ema" maimakon ma, wanda aka ce masa C "si" ne kuma zai wahala kafin ya karanta ciki ko cokali. A ce harafin ranar m ne. Kar ki fara da allo. Ki fara da baki, kice yau akwai wani sauti da nake nema, ku saurara: mangwaro, masara, mota, Maryam, me kuka ji a farko? Ki rufe leɓe kija shi mmm suma suyi, ki sa su ɗora hannu a wuya suji yana kaɗawa, wannan yana basu dariya kuma basa mantawa. Sai kice duk wanda sunansa ya fara da wannan sautin ya miƙe, Musa ya miƙe, Mariya ta miƙe, wani Aminu ma zai miƙe don yaji m a ciki, kar ki kore shi, ki tambayi aji a farko yake ko a tsakiya, kinga darasi ya zo da kansa. Bayan nan ne zaki rubuta shi babba a allo kina faɗin yadda hannu yake tafiya, sauko, hau ka zagayo, sake hawa ka zagayo. Su rubuta a iska da yatsa, ke kuma ki juya musu baya lokacin da kike nunawa, in kina fuskantarsu a juye zasu kwafa. Su rubuta a bayan na gabansu, su fita waje su rubuta a ƙasa da tsinke, sai a ƙarshe a zo kan littafi da fensir ga masu shi, marasa shi kuma ki raba musu guntayen alli su rubuta a siminti ko a ƙasan bango. Tsarin kullum ɗaya ne, ni in yi ku gani, mu yi tare, sannan kowa yayi shi kaɗai, kuma na ukun nan shine wanda malamai suka fi tsallakewa alhali shine aikin.

Ki lura da wani abu a makonnin farko. Yaran da suka fara da allo daga dama suke faro rubutu, wani ma littafin daga baya zai buɗe. Ba daƙiƙanci bane, abin da ya saba kenan kuma a can daidai yake yi. Ki ɗiga masa ɗigo a gefen hagu na shafi kice daga nan motarmu take tashi, a allo ma ki zana kibiya a sama ki barta har ƙarshen zango.

Kar ki bi jerin A zuwa Z. Ki fara da haruffan da suke haɗa kalma da wuri. Makon farko a da n, da su biyun nan kaɗai yaro zai karanta Nana na nan, jimla guda cikakkiya a makonsa na farko, wallahi ki ga fuskar yaro ranar da ya gane cewa shi ya karanta da kansa. Mako na biyu k da m, sai ga kaka, mama, nama, kama. Na uku i da s, ga Sani, Amina, sama, nisa, masa. Harafi biyu a mako, cikin mako goma kin samu ashirin, ba gaggawa. b da d ki raba su da makonni da yawa don sune suka fi rikita yara. Masu ƙugiya kuma, ɓ ɗ ƙ, sai 'yan uwansu sun zauna sosai, ranar da zaki kawo su ki zo da kalmomi biyu-biyu suji bambancin da kunnensu, kafa da ƙafa, bari da ɓari, da da ɗa. Su sh, ts, ky, kw, gw ki bar su sai gaba, zango na biyu ko na uku.

Talata ki maimaita na jiya minti biyar sai harafi na biyu, yadda kika yi Litinin sak. Kar kiji tsoron maimaita tsari ɗaya, ƙananan yara sunfi natsuwa in sun san me ke zuwa.

Laraba ranar haɗi ce, kuma a nan ne karatu yake faruwa. Ki nemi kwalin taliya ko na sabulu wurin mai kanti ki yanka shi kamar tafin hannu, kowane guntu ki rubuta harafi ɗaya da alƙalamin maka, manya yadda na baya zai gani. Ki fito da yara biyu, ɗaya riƙe da m a hagu ɗaya riƙe da a a dama, nesa da juna, wannan yace mmm wancan yace aaa, su riƙa matsowa suna faɗa har kafaɗunsu su haɗu aji ya ce ma. Ki canza mai a ɗin da mai i, ya zama mi. Ki fito da wasu biyun su zama na, ki jera su, na ma, nama. Sai ki juya su ki tambaya yanzu fa, mana. Irin wannan juyin ne yake karya hadda don dole yaro ya kalli abin da ke gabansa. Daga nan kowane layi ki basu katunansu su haɗa kalma da kansu, layin da ya haɗa kalma mai ma'ana a tafa masa. Za a yi hayaniya, ki barta, hayaniyar aiki ce, in malamin ajin kusa yayi ƙorafi ku fita gindin bishiya.

Maganar zama tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A irin ajin nan manya masu ƙarfi ne suke kame gaba ko benci in akwai, ƙanana da marasa magana a tura su lungu, kuma wanda ya zauna a lungu zango guda ya tashi a banza. Duk Litinin ki juya layuka, na baya su dawo gaba. Ki bar hanya a tsakiya da zaki iya ratsawa har bango. Zaki samu yara 'yan shekara tara ko goma da aka sa su a makare, da kuma ƙannai 'yan shekara huɗu da aka haɗo da yayyensu don uwa ta huta, manyan ki mai da su mataimakanki su raba kati su tattara alli, in ba haka ba su zasu zama shugabannin rigima. Don yin shiru kuma ki samu alama ɗaya, ki tafa sau uku su amsa da tafi biyu su kama baki, ki horar da su a kai makon farko har ya zauna. Bulala tana kawo shiru amma yaron da yake tsoron kuskure ba zai buɗe baki ya gwada haɗa gaɓa ba, shiru zai yi ya jira amshi, kinga an koma gidan jiya.

Lissafi shima kullum, minti talatin bayan karatu. Irin matsalar ce dai, yaro zai rero miki wan tu tiri har handired amma kice ɗebo min tsakuwa bakwai sai ya kwaso cike da hannu. Ki sa kowa ya kawo murafen kwalba goma ko ƙwallon dabino a ledar fiya wata, ki riƙa ajiyewa a aji don in suka tafi da su gida ba zasu dawo ba. Lamba biyu ko uku a mako, kuma kowace lamba ta hanya uku, ya faɗe ta, ya ƙirgo ta da hannu, ya gane ta a rubuce. Litinin da Talata ƙirga da rubutu, Laraba wasa da ita, biyar ɗin nan ta hanya nawa za a raba ta tsakanin hannu biyu, huɗu da ɗaya, uku da biyu, kinga an shiga tarawa da ɗebewa ba tare da an ambaci sunansu ba. In kun kai goma ki kawo tsinken tsintsiya a ƙirga goma a ɗaure da kyauro, ɗauri ɗaya sunansa goma. Hausa ma ta taimake ki a nan, goma sha biyu ɗauri ɗaya ne da tsinke biyu, ashirin da ɗaya ɗauri biyu da tsinke ɗaya, yaron da ya riƙe su a hannu ba zai rikita 12 da 21 ba. Kuma kar ki raina 'yan talla, yarinyar da bata iya rubuta 5 ba zata iya baki canjin ɗari biyu ba kuskure, lissafin yana kanta rubutun ne babu. Wani lokaci ki buɗe kasuwa a aji, ki yanka takardu ki rubuta 5, 10, 20, 50, a jera gwangwanaye da kwalaye a yi ciniki, ita ki sa ta zama mai kanti, ranar zakiga yarinyar da bata taɓa ɗaga hannu ba tana gyara wa wasu.

Bayan tara rana tayi, wasu basu karya ba kuma basu zo da kuɗin tara ba, kar ki kawo sabon abu mai nauyi. Nan ne wurin sauran darussan, Turanci na baki, kimiyya, addini in ba malaminsa daban, zane da aikin hannu. Turanci minti goma sha biyar zuwa ashirin kullum, da baki da jiki kawai, gaisuwa, tashi, zauna, taɓa kai, taɓa hanci, sunayen abin da ke cikin aji, kalma biyar a mako suna isa in ana amfani da su kullum. In makarantarku na yin Jolly Phonics, wato tsarin koyar da karatun Turanci ta sautin haruffa, tunda jihohi da yawa sun horar da malamai a kai, ki raba lokacinsa da na Hausa sosai kuma ki riƙa faɗa musu yanzu Turanci muke, don c da u ba sauti ɗaya suke bayarwa a harsunan biyu ba.

Tatsuniya ki bata rana biyu a mako. Wani zai ce Malama ai ba a tatsuniya da rana, kice mun ɗaure Gizo. Amma kar ki zuba ta daga ga ta nan ga ta nanku har ƙurunƙus suna zaune, ki tsaya a tsakiya ki tambaya, me kuke gani Gizo zai yi yanzu, me ya sa Ƙoƙi ta ƙi, wa ya fara zuwa, sannan wa. Washegari su zasu baki labarin, wannan ya fara wancan ya ɗora, sai kowa ya zana wurin da yafi so. Fahimtar karatu tun kafin a iya karatu take farawa, yaron da ya iya jero labari a baki daga farko zuwa ƙarshe shine gobe zai gane abin da ya karanta.

Kimiyya kuwa wake ya ishe ki wata guda. Litinin a huda gwangwanin madara uku a zuba ƙasa a shuka, ɗaya a bashi ruwa a ajiye a taga, ɗaya a hana shi ruwa, ɗaya a bashi ruwa amma a kife shi da kwali. Kafin Juma'a mai ruwan ya tsiro, mako na biyu na cikin duhun zai fito dogo fari ba ƙarfi, ki bar su su faɗi dalili da bakinsu kafin ki faɗa. Ki dai riƙa kai su ofis in an tashi saboda awaki. Wani makon a kafa sanda a fili a zana inda inuwa ta tsaya da safe a sake dubawa kafin a tashi. Wani makon wanke hannu da buta da sabulu.

Toh Alhamis. Wannan ce ranar da bana so ki bari ko me za a yi. Ki ba aji aikin zane ko kwafar kalmomin jiya, monitoci na kula, ke ki zauna bakin ƙofa da kati da takardar sunaye, layi-layi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. A katin harafi biyu na makon, gaɓa uku, kalma ɗaya. Rabin minti ya ishi kowane yaro, in mutum saba'in suka zo kinga minti talatin da biyar kenan, in yayi miki yawa ki raba rabi Laraba rabi Alhamis. Ki yi kati biyu ko uku kina canzawa don na bayansa yana kasa kunne, kafin layi ya zo kansa ya haddace. Alama uku kawai zaki riƙa yi gaban suna, ya iya, ya kusa, bai fara ba. Kar ki gyara masa a wurin kar ki yi faɗa, kice madalla jeka, na gaba. Mako uku in kika yi haka zaki san ajinki yadda ba wanda ya san shi, zaki gano wata shiru-shiru a lungu ta fi kowa, zaki gano mai babbar muryar nan da kike yabo ba abin da yake gani. Kuma takardar ce zata faɗa miki abin da zaki yi mako mai zuwa, in fiye da rabi basu kama ba kar ki ƙara sabon harafi, ki maimaita makon da wasu kalmomi da wasu wasanni, ba wanda yake binki da gudu. In kaɗan ne suka rage ki ware su minti goma sha biyar kullum ki zauna da su a tabarma lokacin da sauran ke rubutu. Wannan raba yara bisa abin da suka iya maimakon shekaru ko aji shine tushen tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, wanda aka gwada a Kano a Wudil da Dawakin Tofa da 'yan manyan azuzuwa, to ke in kin yi tun aji ɗaya ba sai an zo ana ceto a aji biyar ba.

A wurin nan ne kuma zaki gano masu matsalar da ba ta karatu ba. Yaron da kullum sai ya karkato kai ko yana kallon bakinki, ki duba kunnensa wataƙila yana ruwa. Mai matse ido yana matsowa jikin allo, gani ne. Ki dawo da su gaba dindindin ki aika a kira uwar ko uban a faɗa musu su kai shi asibiti. Wanda a gida Fulatanci ko Barbarci ake yi kuma Hausarsa bata nuna ba, ki haɗa shi da mai jin harsunan biyu. Bahago kuma ki ƙyale shi ya rubuta da hagunsa, ki zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kar su riƙa karo da gwiwar hannu.

Juma'a ba sabon abu. Bita ce cikin wasa, a zana 'yar gala-gala a ƙasa a rubuta gaɓa a kowane gida, duk gidan da ka dira sai ka karanta, ka kasa ka fita. Ko ki watsa katuna a fili kice layin Zaki ku nemo min ka. A duba farce da tsafta, a manna zane biyar ko shida a bango da ƙullun fulawa, kuma ki riƙa canza masu shi kar kullum ya zama na gwanaye.

Aikin gida ki sassauta. Yaron nan in ya tashi daga wurinki zai ci abinci ya wuce Islamiyya, Asabar da Lahadi ma can yake, ga aike ga ɗiban ruwa, da dare kuma ba lallai akwai wuta ba. Hutun Islamiyya da makarantar allo Alhamis da Juma'a ne, don haka in zaki bada wani abu ki bada shi ranar Alhamis, kuma ya zama wanda baya buƙatar wani ya koya masa, ka nemo abu uku a gidanku da suka fara da s, ko ka karanta wa Inna wannan 'yar takardar. 'Yar takardar nan ita ce amsarki ga iyayen da zasu zo suce mun kawo shi boko kina koya masa Hausar da ya iya. Ba sai kinyi dogon musu ba, ki rubuta jimlar da yaron bai taɓa gani ba da haruffan da kuka yi, ki miƙa masa a gaban uban ya karanta, sannan ki yi wa uban bayani cewa da haruffan nan dai zai karanta Turancin, kuma ana yin Turancin kullum da baki.

Saura sikim da lesin not, wato jadawalin darussan zango da rubutaccen shirin darasi, don nasan hedimasta zai nema kuma jami'an da ke zuwa daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, zasu duba. Ki rubuta musu yadda suke so, ki ɗauki kan darasin da ke sikim ki saka abin da kike yi a ƙarƙashinsa, yawanci yana shiga don manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar ƙasa, ta aji ɗaya ma haruffa ne da ƙirga da sanin muhalli. Inda sikim ya yi gaba yara suna baya ki rubuta bita, ki nuna takardar Alhamis in an tambaye ki, ban cika ganin jami'in da zai ga sunan kowane yaro da matakinsa ya yi faɗa ba. Naki tsarin na gaskiya kuma shafi ɗaya ne a littafinki da zaki cike daren Lahadi, haruffa biyu, kalmomi shida, jimla ɗaya, lambobin mako, tatsuniya ɗaya, abin kimiyya ɗaya, da sunayen waɗanda zaki zauna da su a tabarma.

Tunda kince zango ya riga ya yi nisa, Litinin ɗin nan kar ki koyar da komai sabo, ki yi gwajin bakin ƙofa da haruffa goma a hargitse ki ga inda suke. In yawancinsu basu wuce biyu ko uku ba ki koma a da n ranar Talata ko sikim na mako na shida. Ki tafi da kwali biyu, almakashi da maka baƙa, kuma ki faɗa musu tun ranar kowa ya fara tara murafen kwalba.